IKKO KO BADUN

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rahama. Ku yi mani haƙuri da shirun da kuka ji, kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke mana, waya ta mutu a hannuna. Na ga saƙonninku duka. Masu cewa Kulu ta cika zargi, wai mutumin da ya yi damina uku a kurmi yana neman ɗiyarsa bai cancanci irin kallon da take yi masa ba, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna.

*

Tun ranar da ayari ya sauke kaya a Madarumfa, gindin tsamiyar ƙofar gidan Mato bai rabu da mutane ba. Yau ma ana idar da la'asar suka taru, tsofaffi a kan buzu, samari a tsaye, kowa da ɓarin goro a kunci.

Kulu tana daga ciki, jikin danga, tana dama musu fura. Zana ce kawai tsakaninta da su. Duk abin da aka faɗa a kunnenta yake sauka.

Ba daɗin labarin kurmi ne ya zaunar da ita ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahara suka faɗo wa gonakin bakin tabki suka kwashe yara, har da Inde, ɗiyarta ta fari. Don neman yarinyar ne mijinta Mato ya ɗaura wa jakuna kanwa da fatu ya bi fatake kudu, shi da Ɗan Azumi, ƙanenta. Suka dawo da huhun goro da zannuwa. Ba Inde.

Abin da Mato ya gaya mata gajere ne. Ya ce ya bincike Badun lungu-lungu bai ga mai kama da ita ba. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi a can, Ɗan Azumi ne kaɗai ya ƙarasa Ikko, shi ma ya dawo hannu wofi. Ko numfashi bai sauke ba ya ɗora da cewa ta fara haɗa kayanta, Badun za su koma da zama kafin ruwa ya sauka.

Kowa a gari yana sharar gona. Mato ko leƙa tasa bai yi ba.

"To ku da kunka gani da idonku," muryar tsoho Ɗogo ce, ƙanen mahaifin Mato, "ku raba mamu gardama. Ikko da Badun, wace ta fi?"

"Baba, ai ba a haɗa su," in ji Mato. "Badun gari ne. Ka hau tudu ka duba gabas, rufin ɗaki. Ka duba yamma, rufin ɗaki, har inda idonka ya gaji. In anka ɗauki Maraɗi anka aje cikin unguwa guda, sai an yi cigiyarta."

Aka yi "Kai!"

"Ƙasa ja, mai ƙarfi. Ruwa ba ya yi masu rowa. Doya guda sai yaro ya saɓo ta a kafaɗa. Manja kamar banza. Ban ga wanda ya kwana da yunwa ba. In kai baƙo ne, ka sauka gidan fatoma, shi zai aje maka kaya, shi zai nemo maka mai saye, ga masallaci nan kusa. Kuma gari ne mai manya. Yaro ya san babba, bawa ya san ubangijinshi. Sai ka ga ƙato ya kwanta rub da ciki yana gaida tsoho."

"Madalla da wanga gari," in ji Ɗogo. "Kai fa, Ɗan Azumi? Tun da kunka dawo bakinka ya yi nauyi."

"Abin da Yaya Mato ya faɗi, haka ne."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ikko nike son ji."

Ɗan Azumi ya ɗan yi jim. Kulu ta san wannan shirun nasa tun yana yaro. Shirun wanda yake zaɓen abin da zai faɗa ne.

"Ikko, Baba, ruwa ya kewaye ta. Jakinka a ƙetare za ka bar shi, ka shiga kwale-kwale. In ka bi gari har ƙarshe sai ka ga teku. Ba ni da abin da zan kwatanta maku ita. Tabkin ga namu, in anka juye shi ciki, ba za ta san an yi ba. Jirage na tsaye can nesa suna hayaƙi, goron da kuke ci yanzu daga cikinsu ya fito. Akwai gidaje ɗaki bisa ɗaki, rufin ƙarfe. Da magariba a kunna fitilu bisa sanduna a bakin hanya. Ba na kowa ba ne, na gari ne."

"Wa ke zuba masu mai?" wani saurayi ya tambaya.

"Nasara."

Aka kwashe da dariya.

"Wurin zuwa ne a gani," Ɗan Azumi ya ci gaba. "Duk wanda Allah ya ba ƙafa ya je ko sau guda. Zama kam da wuya. Komi saye ake, har itacen wuta, har wurin da za ka shimfiɗa tabarma. Sauronsu ya fi namu na damina. In wuta ta tashi, unguwa guda take lashewa. Badun ta fi ta abinci, ta fi ta wurin miƙe ƙafa. Amma akwai abu guda da Ikko ta fi Badun."

"Mi ke nan?"

"Wanda anka kama anka sayar, in ya samu ya gudu ya taka Ikko, ba mai sake sa mashi igiya."

Kulu ta tsayar da ludayi.

"Ai shi ne lalacewarta!" Mato ya katse shi, muryarsa ta tashi. "Garin da ba babba ba yaro! Ruwan rijiyarsu ma gishiri-gishiri, na kurɓa na tofar. Ko'ina ƙarnin kifi da laka. Ga ƙahon jirgin nan da ke tsaga maka kai tun da asuba. Mata kau ba kunya. Yarinya ƙarama sai ta tsaya tsakiyar kasuwa ta nuna ka da yatsa, ta faɗa maka abin da ta ga dama, mutane su kewaye ku suna kallo, ba mai ce mata ke yi shiru!"

Mazan suka yi dariya. Ba wanda ya tsaya ya auna maganar.

Kulu ta auna.

Mutumin da zazzaɓi ya kwantar a Badun, da wane baki ya kurɓi ruwan Ikko?

Ta rufe ƙwaryar fura da faifai, ta miƙe.

"Ɗan Azumi! Zo ka ɗauki furar ga."

Ya shigo yana miƙo hannu. Ba ta ba shi ƙwaryar ba. Ta kama bakin rigarsa ta ja shi har bayan rumbu, inda ba mai hango su.

"Yaya, lafiya?"

"Dube ni."

Ya dubi ƙasa.

"Na ce ka dube ni. Ranar da Inna ta rasu, ko tafiya ba ka iya ba. Bayan ga nawa ka girma a kai. Ba ka taɓa yi mani ƙarya ta kwana ba. Maigida ya je Ikko ko bai je ba?"

"Yaya..."

"Ya je ko bai je ba?"

"Ya je."

"Wace yarinya ce ta nuna shi da yatsa?"

Namiji mai gemu, wanda ya ƙetare Kwara da jakuna, sai ga shi ya durƙusa a gabanta kamar yaron da ya fasa tulu.

"Ya sa na dafa Alƙur'anin limamin ayari. Na rantse ba zan tada maganar ba."

"Ba kai ka tada ba. Ni na tada. Ka rantse za ka yi mani ƙarya in na tambaye ka?"

"A'a."

"To ina tambaya."

Ya share fuska da hannun riga.

"Tana raye, Yaya."

Kulu ta dafa rumbu.

Ɗiyar fari ce, bakinta bai taɓa kama sunan ba, ko ranar da aka ɗauke ta. Yau sai ta ji shi ya fito da kansa.

"Inde?"

"Inde. Da idona na gan ta. Ta yi tsawo, ta ɗauko ki sak, har wushiryar. Ƙosai take toyawa bakin ruwa, inda ake sauke goro. Hausarta ta ɗan karkace, amma ita ce. Tana da miji. Tana da goyo, ɗiya mace. Ta sa mata sunanki. Ba ta kiran sunan, Inna take ce mata."

Kulu ta cusa gefen zanenta a baki don kada mazan waje su ji. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Kuka ne ko dariya, ita ma ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa yarinyar nan sadakar tuwo duk Juma'a, ba ta san ko ta rayayye take yi ba ko ta matacce.

Sai abin ya tsaya mata cak.

"To don mi ba ku taho da ita ba?"

Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai.

"Mijin ne ya hana?"

"A'a."

"Nasara ne?"

"Ba mai riƙe da ita. Ita ta ce ba ta zuwa."

"Ba ta zuwa wurin uwarta?"

"Ta ce in gaya maki ba ta taɓa kwana ba ta tuna ki ba. Amma ta ce garin da..." ya rage murya, "garin da shi yake shan iska, ba za ta taka shi ba."

"Shi wa?"

"Tashi ka kai wa mutane fura."

Mato ne. Yana tsaye a kusurwar rumbu. Ba su ji shigowarsa ba.

Ɗan Azumi ya yunƙura zai tashi, Kulu ta danne kafaɗarsa.

"Ba inda za shi." Ta miƙe a hankali, ta fuskanci mijinta. "Maigida, ashe zazzaɓin naka har Ikko ya kai ka."

"Kulu, rage murya. Da mutane a ƙofa."

"Ka ga ɗiyata da idonka. Ka dawo ka zauna bisa tabarmata, ka ci tuwona, ka ce mani ba ka ga mai kama da ita ba."

"Don in sauwaƙe maki ne. Yarinyar ta lalace. Garin nan ya ɓata ta, ba ta san uba ba, ba ta san..."

"Mi ta ce maka a kasuwa?"

"Maganar banza. Yarinya ce ƙarama lokacin, mi ta sani?"

"Ɗan Azumi, mi ta ce mashi?"

"In ka buɗe baki, Alƙur'ani ya ci ka," in ji Mato.

"Ya ci ni," Ɗan Azumi ya ce, muryarsa a dushe. "Tun daga Ikko nike ɗauke da abin ga, ya fi kayan jaki nauyi. Na yi ta jira ka gaya mata da bakinka. Ba ka yi ba."

Ya juya ga yayarsa.

"Mun tsaya sayen ƙosai ne. Ta ɗago kai za ta miƙo, sai ta gan shi. Ta saki abin da ke hannunta cikin mai. Shi kau ya buɗe hannu yana kuka yana cewa ɗiyata, ɗiyata. Ta ja da baya. Ta nuna shi ta ce, jama'a ku zo ku ga mutumin da ya sayi wuyanshi da ɗiyan gari."

"Ban gane ba," in ji Kulu.

"Ranar harin, Yaya. Kun ɓoye yara cikin duhuwar bakin tabki. Mahara sun wuce ta gefenta ba su gan su ba. Har sun yi nisa. Sai sunka dawo da mutum guda, igiya a wuya. Tana leƙe ta cikin ƙaya, ta ga ubanta ne. Ta ce har ta buɗe baki za ta kira shi. Sai ta ga ya ɗaga hannu ya nuna duhuwar."

Wata kaza ta zo tana tono a gindin rumbu. Ba wanda ya kore ta.

"Sunka kwance mashi igiya," Ɗan Azumi ya ƙarasa. "Sunka ɗaura masu."

Kulu ta dubi wuyan mijinta. Tabon yana nan, ya kewaye shi kamar zare. Ita ta yi jinyarsa da man shanu. Ranar ya shigo gari yana tangaɗi ya ce kokawa ya yi da mutum biyu ya kuɓuce. Har makaɗi ya sa shi a waƙa.

"Ƙarya take yi?" ta tambaye shi.

Mato ya kai hannu ya rufe tabon.

"Ka ce ƙarya take yi, in yarda da kai. Wallahi in ka ce, zan yarda. Ka ce."

"Ba ki can," ya ce a hankali. "Ba ki ga abin da na gani ba. A gabana sunka yanka mutum kamar akuya don ya ce bai sani ba. Wuƙar ko goge ta ba su yi ba sunka ɗora mani. Kowa na iya cika baki a gindin tsamiya. In ƙarfe ya taɓa maƙogwaro, sannan ake sanin mutum."

"To an san ka."

"Ban san tana ciki ba!" Ya buga ƙirji. "Na rantse da wanda ya halicce ni ban sani ba! A gida na bar ta, gun ki! Wa ya ce ki kai ta can? Da kin riƙe ta a ɗaki, da yau tana nan!"

Maganar ta same ta inda ya nufa. Abin da take gaya wa kanta ke nan tun ranar, in ta kwanta, in ta tashi. Ita ta kama hannun yarinyar ta tura ta cikin ƙaya, ta ce kada ki motsa sai na dawo.

Mato ya ɗauka ya ci nasara.

"Haka ne," ta ce. "Ni na kai ta. Na kai ta inda kowace uwa ke kai nata in an buga gangar hari. Na ɓoye ta, Allah kuma ya rufe idon mahara, sunka wuce. Wa ya buɗe masu?"

"Na ce maki ban san..."

"Na ji. Ba ka san taka na ciki ba. To na wa ka san suna ciki?"

Ya kau da kai.

"Ɗiyan Dije," ta ce. "Salisu da Mamman. Su ka sani. Su ka nuna."

Dije maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya. Mijinta ya rasu kafin harin, yaran nan biyu su ne duk abin da take da shi. Kuka ya cinye mata ido, yanzu sai da sanda take zuwa rijiya.

"Duk kaka kana aika mata damen hatsi," in ji Kulu. "Ni nike ɗauka in kai. Ta kama hannuna ta yi ta sa maka albarka. Ta ce Mato ɗan aljanna ne, ya san zafin rashin ɗa. Ni kuma in dawo gida ina jin daɗi na auri mutumin kirki. Ka bar ni ina kai mata kuɗin jinin ɗiyanta a kaina."

"Mi kike so in yi? In mutu?"

"Da ka mutu ranar, da yau ina da miji a kabari da ɗiya a ɗaki."

Mato ya yi baya kamar an mare shi.

"Na nemi yarinyar nan," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Ba wanda ya aike ni. Na sayar da bijimina, na taka ƙasa har ƙafata ta tsage. Ranar da anka jawo ta daga duhuwar na roƙe su, na ce su maida mani igiyar su sake ta. Sunka yi mani dariya."

"Ita ba haka ta ce ba," in ji Ɗan Azumi. "Ta ce ta kira ka sau uku. Ta ce bayanka kawai ta gani."

"Yarinya ce! Tsoro ya ruɗa ta!"

"Wataƙila," in ji Kulu. "Allah ya san wanda ya faɗi daidai. Ni abin da na sani, da ka dawo daga Ikko ka durƙusa ka gaya mani, da ban san abin da zan yi ba, amma da na san ka ji kunya. Sai ka zo kana yabon doya."

Ta matsa kusa da shi.

"Yanzu na gane daɗin Badun. Ba ƙasa ja ba ce, ba manja ba ne. Badun ba mai nuna ka da yatsa. Ka san fatake na da baki, abin da anka faɗa a kasuwar Ikko zai iso Madarumfa ko ba jima ko ba daɗe. Shi ya sa ba ka share gona ba. Kana son ka kwashe ni kafin labari ya iso, ka kai ni inda zan mutu ban sani ba."

"Badun wurin zama ne, Kulu. Wannan ba ƙarya na yi ba."

"Ɗan Azumi, kafin ta kai Ikko, ina anka sayar da ita?"

Ɗan Azumi ya dubi Mato, ya dubi yayarsa.

"Badun."

"Shekara nawa?"

"Mafi yawan shekarun can ta yi su. A gonar wani mai bindigogi, bayan gari. Na koma ɗakinta ni kaɗai bayan abin kasuwa, ta nuna mani bayanta. Ba zan kwatanta maki ba."

Kulu ta gyaɗa kai, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Doyar da yaro ke saɓawa a kafaɗa. Ashe ɗiyata ke noma ta. Garin da bawa ya san ubangijinshi. Can za ka kai ni in ƙoshi."

"To Ikko kike so?" Mato ya harzuƙa. "Tambaye shi inda take kwana, shi ya gaya mani! Ɗaki guda bakin fadama, in ruwa ya sauka har ƙarƙashin gado. Ɗanta na fari zazzaɓi ya kashe shi. Ke da ko Katsina ba ki taɓa gani ba, kin san nisan wurin? Kin san mutum nawa munka binne a hanya?"

"Gaskiya ne, Yaya," Ɗan Azumi ya ce. "Ikko ba ta da tausayi. Ba don Inde ba, ni ma ba zan ce ki zauna can ba."

"Ruwan gishirin, tana sha?"

"Tana sha."

"Ni ma zan sha." Ta gyara ɗaurin zanenta. "In ayari ya tashi bayan kaka, ka nema mani wuri. Ko a ƙafa ne. Shi kuma ya tahi Badun ɗinshi, ya ci doya."

"Da aurena a kanki ba inda za ki."

"To mu fita gindin tsamiya yanzu, ka faɗa a gaban Baba Ɗogo. Ni kuma in faɗi dalilina."

Mato ya waiga wajen ƙofa. Ta ga gumi yana bin tabon wuyansa.

"Kulu," ya sassauta murya, "ki rufa mani asiri. Shekara ashirin da wani abu muna tare. In maganar ga ta fita, ba korata za a yi ba, kin sani. Ki bar ni in tahi kawai. Gobe da asuba in kama hanya, ba wanda zai sake jin ɗuriyata."

Ta dube shi. Ta nemi tausayin da ta saba ji in ya yi wannan muryar, ba ta same shi ba. Ba ta kuma sami daɗin da ta zaci za ta ji ba. Wuri ne kawai ya buɗe a ƙirjinta, ba komai a ciki.

"Yaya Mato," Ɗan Azumi ya ce, "ban ga alamar gobe za ta yi maka ba."

Duk suka juya gare shi.

"Ka bar Ikko da gudu, ba ka tsaya ka tambayi wa take aure ba. Ba ka tambayi wa ya fiddo ta daga Badun ba."

"Wa ne?" in ji Kulu.

"Tare anka sayar da shi da ita gida guda. Su biyu anka kama, wa da ƙane, ƙaramin ya mutu tun a hanya, bai ga kurmi ba. Babban ya girma, ya gudu ya kai Ikko, ya shiga sojan Nasara. Da ya samu ƙarfi ya koma ya sato ta."

Kulu ta dafe ƙirji.

"Salisu? Salisun Dije?"

"Shi ne mijinta. Ranar da munka gamu da ita ba ya gari, an tura su wani wuri. Ta ce mani in ya dawo ba za ta ɓoye mashi ba."

Mato ya jingina da rumbu.

"Yana Ikko," ya ce, kamar mai roƙo. "Soja ba ya barin aiki."

"Ranar da munka ƙetare Kwara, ayarin da ke bayanmu ya iso bakin ruwa muna tsakiya. Na hango wani dogo tsaye, ba jaki, ba kaya, sai wani abu mai tsawo naɗe cikin tabarma. A zango na gaba na tambayi madugunsu. Ya ce mutumin Madarumfa ne, za shi ganin uwarshi."

"Kuma ba ka gaya mani ba?"

"Kai ka koya mani yin shiru."

Kafin Mato ya sake magana, wata ƙara ta tashi daga bayan katanga, daga gidan Dije. Da farko kamar kukan mutuwa. Sai ta karye ta koma guɗa. Wata mata ta amsa, wata ta ƙara, har unguwa ta ɗauka.

A waje hirar gindin tsamiya ta mutu. Aka ji mutane suna tashi da sauri, ana salati, ana tambayar wa ya zo.

Mato ya dubi dangar baya. Ta yi masa tsawo, kuma bayanta fili ne har tabki.

Guɗar ba ta gama sauka ba aka ji takun mutum ɗaya ya tsaya a bakin zaure. Murya ce mai kauri, Hausarta a karkace, ba gaggawa a cikinta.

"Salamu alaikum. Baba Mato na ciki?"